Masu haɗa kiɗa da suka kwana biyu a harkar, ku ma kunnenku ya canza?

Abba_Bit:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna haɗa kiɗa a kwamfuta ko fiyano, musamman wanda ya haura shekara 35. Abin da nake so a kiɗa yanzu kwata-kwata ba shi nake so a da ba. Da in na buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sai na cika ko'ina, ganga kan ganga, sarewa biyu, goge, a zuba Auto-Tune mai gyara murya har murya ta ƙage, kuma wallahi a lokacin daɗi yake min. Yanzu rabin aikina cirewa ne, in saka sauti goma in dawo in goge shida, gudun kiɗan ma na rage, kwanan da nake yi a situdiyo har asuba yanzu ba na iyawa, da safe nake aiki. Yaro zai zo ya ce oga a sa min irin bes ɗin amapiano, in sa masa tunda shi ya biya amma raina bai so. Abin yana damuna sosai. Girma ne ya zo da hankali ko kasuwa ce ta wuce ni ban sani ba?

Baba_Fiyano:
Wa alaikumus salam Abba. Kwantar da hankalinka ɗana, babu abin da ya wuce ka. Mu da muka fara da Yamaha PSR a Kano ƙarshen shekarun 1990, kiɗa a faifan fulofi muke ajiye shi, mawaƙi ya shiga ɗaki ya rera, in ya yi tuntuɓe a baiti na uku a koma baya, babu wani yanka da liƙawa irin na yanzu. Da kwamfuta ta shigo muka ga sauti ba iyaka, kowa ya haukace da lodi, duk abin da injin yake da shi sai an ji shi a waƙa ɗaya. Sai da shekaru suka ja na gane waƙar Hausa a kan magana take tsaye, mai sauraro kalmomi yake bi, in ka cika kiɗa ka danne harshen mawaƙi to ka ɓata masa aiki ko da kiɗanka ya kai me. Miya in magi ya yi mata yawa ba ka jin ɗanɗanon kuka. Je ka saurari tsofaffin makaɗan kalangu da kuntigi ka ji yadda suke ja baya in mawaƙi ya buɗe baki, su dawo in ya numfasa. Abin da kunnenka ya fara nema kenan. Ba mu kaɗai ba ne ma, Daft Punk 'yan Faransa da suka yi suna da kiɗan inji tun shekarun 1990, da suka manyanta a 2013 sai suka ɗauko makaɗa masu rai, mai ganga da mai jita irin su Nile Rodgers, suka yi faifan da ya ci Grammy na faifan shekara a 2014.

Injiniya_Sadiq:
Baba ya faɗi gaskiya amma akwai ɓangaren da ba a so a taɓa, kuma shi ya fi tsorata ni. Wani canjin ba ra'ayi bane, kunnen ne da kansa. Yaro mai lafiya yana jin sauti daga 20 zuwa wajen 20,000 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti), kuma na saman su suke fara tafiya in shekaru suka ja, ƙananan gashin cikin kunne da ke kama sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Mu kuma da muke kwana da hedifon a kai namu ya fi saurin lalacewa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti kar ta wuce awa 8 a rana, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, to ka tuna yadda muke ƙure sifika in mawaƙi ya zo da abokansa. Na san wani babba, hannunsa a kiɗa ba a magana, amma miksin ɗinsa na baya-bayan nan saman yana yanka kunne, tsss tsss ɗin nan ya yi yawa, saboda shi ba ya ji sai ya ƙara. Abba don Allah in kana jin ƙara siririya a kunne in ka kwanta da dare kar ka yi wasa, je asibiti ɓangaren kunne a auna maka. Kuma ka samu yaro ɗan 20 ya dinga saurarar aikinka kafin ya fita.

Ɗan_Autan_Zoo_Road:
Iyayenmu a yi min afuwa, ni ƙarami ne a nan amma zan faɗi abin da nake gani. Ba duk abin da babba ya ƙi bane don ya fi mu kunne, wani lokacin kawai ya daina sauraron sabon abu ne, kiɗan da ya so yana saurayi shi ya zama ma'auninsa har abada. Oga Abba ka ce kana son kiɗa a hankali mai fili, to ai amapiano ɗin da kake ƙi haka yake, na asalin na Afirka ta Kudu gudunsa wajen bugu 112 ne a minti, daga salon kiɗan kwaito da house da jazz ya fito, waƙa ta yi minti shida bakwai ana gina ta a nutse kafin bes ɗin ya faɗo. Abin da yara ke kawo maka guntun TikTok ne, ba shi ne kiɗan ba. Mu ma ba son ranmu bane, in daƙiƙun farko ba su kama mutum ba ya wuce da yatsa, dole amshi ya zo da wuri. Giorgio Moroder, tsohon mai haɗa kiɗa ɗan Italiya, an haife shi 1940, yana da saba'in da wani abu ya fara aikin DJ a gaban matasa. Ni abin da nake roƙo ku zauna da mu, ku koya mana fili mu nuna muku abin da ke tafiya.

Abba_Bit:
Na gode ƙwarai. Injiniya ƙarar nan ina jinta, zan je a duba in sha Allah. Ɗan Auta turo min na asalin guda uku in zauna in saurara da kyau. Baba, akwai wani mai kalangu a unguwarmu da nake so in ɗauka a waƙar da ke hannuna maimakon na cikin inji, amma makirfo ɗaya gare ni kuma ɗakin ƙarami ne, ya zan yi?

Baba_Fiyano:
Ɗaya ya isa. Kar ka manna shi da fatar, ja shi baya kamar kamu biyu ya ɗan kalli gefen da ake bugawa, don ka kama yadda sautin ke hawa da sauka in ya matse tsirkiya a hammata. Rataya bargo a bangon bayansa, kashe fanka. Kuma kar ka ɗaure shi da ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta mai ƙirga bugu tun farko, bar shi ya bi muryar mawaƙin, daga baya kai ka ɗora sauran a kan nasa.