Neman shawara: na karɓi ɗakin kwana na bayan mota a madadin bashi, ta ina zan fara?

Baban Walida, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a dagule. Sana'ata sayen hatsi, da kaka ina bin kasuwannin Soba, Pambeguwa, Saminaka har Anchau. Shekara tara ke nan, kullum matsalata wurin kwana. Bara a wani masauki aka yanke min aljihu ina barci, kuɗin masara buhu goma sha biyu, kuma ba nawa ba ne, amanar wani dattijo ce. Sai da na sayar da fili na biya.

To wan matata yana kawo motoci daga Kwatano, ina bin sa kuɗi tun bikin 'yarsa. Na yi kawaici shekara biyu saboda zumunci, ranar da na yi magana uwargida ta yi yaji na mako guda, sai da surukata ta sa baki. Watan jiya ya ce ba shi da kuɗi, amma ga wani ɗaki da ya zo tare da wata mota daga Amurka, irin wanda ake ɗorawa a bayan a-kori-kura. Akwai gado ta saman kan direba, da murhun gas, da ƙaramin firji, da tankin ruwa, da ƙafafun jak huɗu da yake tsayawa a kansu. Na karɓa. Yanzu yana ƙofar gida.

Cikinsa yana warin rima, kuma wata kusurwar silin in na danna da babban yatsa sai ta lotsa. Tiyon gas ɗin ya tsattsage. Ina da Hilux, saura mako uku in fita. Me zan fara yi?

Oga Kwangila:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin aiki ne. Shekara talatin ina kanikanci, babu irin lodin da ban ga Hilux ta ɗauka ba. Ka ƙara ganyen sifirin biyu kowane gefe, ka sa shoka sabuwa, a ɗora ɗakin a yi masa walda da bodi. Shi ke nan.

Malam na Samaru:
Alhaji, ba ka faɗi abu biyu ba: nauyin ɗakin, da ko motar mai ƙofa huɗu ce ko biyu. Duba jikin ɗakin wajen ƙofarsa, yawanci akwai ɗan allo da aka rubuta nauyinsa. Ita ma motar tana da iyakar nauyin da kamfani ya yanka mata. Hilux mai ƙofa huɗu abin da take ɗauka bai cika wuce tan ɗaya ba, kuma har da kai da yaronka a lissafin. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne.

Da girmamawa ga Oga, ƙarin sifirin yana hana bayan mota zama ne kawai, ba ya ƙara wa birki ko taya ko aksul ƙarfi. Kuma ba a yi wa irin ɗakin nan walda. Ta kusurwa huɗu ake ɗaure shi da shasi, da maɗaurin ƙarfe mai zare da ake matsewa, don a iya sauke shi.

Oga Kwangila:
Malam wannan karatun littafi ne. Bature ya rubuta tan ɗaya don titinsa, mu nan buhu ashirin muke ɗora mata ta je Funtuwa ta dawo lafiya.

Malam na Samaru:
Buhu a ƙasan bodi yake kwance, Oga. Wannan ɗaki nauyinsa a sama yake, ya fi kan motar tsawo. Ka sha kwana da gudu, ko ka kauce wa rami ba shiri, sai ta kife.

Maman Sadiq:
Ni dai Yaya hayaƙi nake ji maka. Ɗan yayata da abokinsa haka muka rasa su, a shago, sun kunna janareta cikin dare sun rufe ƙofa saboda ɓarayi. Da safe aka ɓalle ƙofar aka same su kamar masu barci, ɗaya da waya a hannu. Iskar da ke kisan ba ta da wari, ba ka ganinta. Kuma fitarka za ta faɗa cikin hunturu, lokacin da mutum ke rufe taga ya jawo kurfoti. Don girman Allah kada gawayi ya shiga ɗakin nan, kada ka ɗumama shi da murhun gas, janareta kuma ka kai shi nesa da taga. Akwai ɗan na'ura mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, ka nema. Wadda ta zo da ɗakin kada ka yarda da ita, suna tsufa bayan 'yan shekaru.

Baban Walida:
Allah ya jiƙansu Hajiya, ya ba ku haƙuri. Ni ba na barin gawayi ya kwana, ina kashewa kafin in kwanta. Malam, na duba allon, an rubuta 1,900 da wasu haruffa. Motar mai ƙofa huɗu ce, amma lafiyarta ƙalau, bara na sake mata inji.

Malam na Samaru:
Awon Amurka ne, kusan kilo 860 ke nan, kuma ɗakin ba komai a ciki. Sa ruwa lita 100, da tukunyar gas mai kilo 12.5 wadda ƙarfenta ma yana da nasa nauyin, da batir, da ku biyu, ka haura kilo 1,100. Ga bodin mai ƙofa huɗu gajere ne, wajen mita ɗaya da rabi, ɗakunan Amurka kuwa yawanci don dogon bodi aka yi su. Tsakiyar nauyin ɗakin ya kamata ya zauna a kan tayoyin baya ko ɗan gaba da su. In ya koma bayansu, gaban mota zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Ka auna da tef kafin ka kashe ko sisi.

Ɗan Sabon Gari:
Hmm, wan mata! Nawa ma haka ya yi min, na ba shi kuɗin shago ya biya ni da injin markaɗe da ya mutu. Har yau in na yi magana a ce na ci zumunci. Alhaji ka mayar masa da kayansa ya ba ka kuɗinka, ya ga ba zai sayu ba ne ya maƙala maka.

Abu Hanifa:
Ku bar ta nauyi, ku yi ta tsaro. Mota da ɗaki fari ƙal a bakin kasuwar ƙauye, ai ka yi shela ne cewa ga mai kuɗin masara nan yana barci. Ni tun da aka tare mu a hanya shekaran bara ban ƙara kwana a waje ba. Ga masu tsayar da mota, kowane shinge sai sun ce buɗe mu gani. Kana da takardar kwastan ta ɗakin?

Baban Walida:
Ban zo a zagi surukina ba, ni na karɓa da hannuna. Maganar tsaro kuma ai ita ta sa na karɓa, ƙofa ce da makulli, a ƙofar gidan dillalina zan riƙa fakawa. Takarda ya ce zai nemo. Kuma tankin ruwan ba sai na cika ba, jarka ɗaya ta ishe ni.

Mai Wayarin, Gyallesu:
Ba wanda ya taɓo wuta. Kayan Amurka a kan 120 suke aiki, tamu 230 ce. In ka yanke filogin ka jona kai tsaye, firjin da cajar batir sun tafi, in ma gobara ba ta tashi ba. Sai da taransifoma, ko ka bar layin gaba ɗaya ka yi sola da batir. Tiyon gas da regileta a sake sababbi, a shafa ruwan kumfa a kowace mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan yake yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Silin da ke lotsawa kuma ruwa ne ya ci katakon ciki. Ka sa kafinta ya ɓare ya bi ruɓar, musamman inda ƙafafun jak da maɗaurai suke kama jiki.

Oga Kwangila:
Kun tsorata bawan Allah a banza. Alhaji kawo ta gareji ranar Asabar, kwana biyu na gama maka. Taya kawai ka duba, lamba huɗun nan na jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta wuce shekara huɗu ka canza.

Malam na Samaru:
A kan taya na yarda da Oga. Sauran, a ɗora a kai sikelin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban, kafin wutar walda ta taɓa ƙarfe.

Baban Walida:
Na gode duka. Sikelin kuɗi ne, kuma sai na ɗora kafin in kai, to in na riga na ɗora ai aikin ya ƙare. Silin ɗin ma ina ganin ba can ciki ba ne, damina ce ta taɓa shi. Oga, sifirin biyun da shoka nawa za su kama? Kuma in na cire firjin, buhu biyu za su shiga ta tsakiya?

Maman Sadiq:
Yaya, ba ka ce komai a kan na'urar hayaƙin ba.