Muhawara: Idan Sabuwar Manhaja Ta Gaza a Asibiti, Laifin Wa Ne?

Injiniya Nura: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, idan aka kawo sabuwar manhajar ajiye bayanan majinyata kuma ta gaza, yawanci laifin yana wajen shugabannin da suka shigo da ita, kuma ita manhajar ba ta cika zama sanadi ba. Hujjata ita ce abin da ya faru a asibitocin yara guda biyu a Amurka. A Pittsburgh an fara rubuta umarnin magani ta kwamfuta a 2002, aka kunna tsarin a asibitin gaba ɗaya cikin kwana shida, sai binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa mutuwar yaran da ake turowa daga wasu asibitoci ta tashi daga kashi 2.8 zuwa kusan kashi 6.6 cikin ɗari. Asibitin yara na Seattle ya yi amfani da manhajar kamfani ɗaya, wato Cerner, amma rahotonsu na 2006 bai ga ƙaruwar mace-mace ba. Tun da kayan aikin ɗaya ne, dole bambancin ya kasance a hannun mutane.

Dakta Habibu: Wa alaikumus salam. Injiniya, misalin da ka kawo gaskiya ne, amma ka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Binciken Pittsburgh ya kwatanta kafin da bayan sauyi ne kawai a asibiti guda, kuma irin wannan bincike ba ya tabbatar da sanadi shi kaɗai. Sannan ka duba asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, inda aka kashe miliyoyin daloli wajen gina manhaja ta cikin gida, aka dakatar da ita a farkon 2003 bayan ɗaruruwan likitoci sun koka cewa umarnin da suke rubutawa da biro cikin 'yan daƙiƙu ya koma cin mintuna, ga gargaɗi barkatai da ke katse aiki. Wane irin shugabanci ne zai gyara allon da aka tsara shi ba daidai ba? Abin da ke damuna da wannan magana ta "sarrafa sauyi", wato yadda shugabanni ke tafiyar da shigo da sabon tsari, shi ne, sau da yawa ana amfani da ita ne don a ce ma'aikatan da suka koka masu taurin kai ne.

Sista Rakiya: Dakta, na yarda da kai cewa ana saurin yi wa ma'aikata lakabin masu ƙin ci gaba, amma ina ganin bayanan Pittsburgh sun fi goyon bayan Injiniya, domin abubuwan da suka lalace a can shawarwari ne da mutane suka yanke. A da, likita kan rubuta umarnin magani tun yaro yana kan hanya, yadda da isowarsa komai yana shirye. Bayan sauyin, ba a iya shigar da umarni sai yaron ya iso an yi masa rajista. A lokaci guda kuma aka kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin kulawa ta musamman aka mayar da su babban ɗakin magani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yaron da jininsa ke sauka ya san abin da jinkirin rabin sa'a yake nufi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: likita da ma'aikaciyar jinya da suka saba magana baki da baki a gefen gado, sai kowa ya koma gaban kwamfutarsa, wannan yana rubutawa, waccan tana jiran umarni ya bayyana a allo. Ba kamfanin ne ya tilasta a haɗa waɗannan sauye-sauye duka a mako ɗaya ba. Su kuwa na Seattle sun tsara jerin umarnin gaggawa tun kafin ranar kunnawa, tare da likitocin da za su yi amfani da su.

Dakta Habibu: Sista, wannan batu na magunguna na karɓa ba tare da musu ba. Sai dai har yanzu ba a amsa mini maganar lokaci ba. Wani bincike na 2016 a Amurka ya gano cewa a duk sa'a ɗaya da likita ya yi fuska da fuska da majinyata, yana kashe kusan sa'a biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. A ganina ba za a ce horo ne kawai bai ishe su ba.

Malam Sani: Ku gafarce ni in sa baki a matsayina na jami'in ajiye bayanai. Yawancin guraben da likita ke cikewa a allon manhaja ba kamfani ne ya ƙirƙiro su don kansa ba. Sashen kuɗi ya nemi nasa, masu inshora suka nemi nasu, masu tattara ƙididdiga ma haka, kuma babu wanda aka ba ikon ya ce wannan gurbin ba ya amfanar majinyaci, a cire shi. Mu ma ba a cika tambayarmu ba, alhali mu ne muka san majinyata nawa ke da kati biyu ko uku da suna iri ɗaya. Idan aka kwashe tsofaffin bayanai aka zuba a sabon tsari ba tare da an tace su ba, sakamakon gwajin wani zai iya faɗawa cikin fayil ɗin wani.

Hajiya Binta: Ni da ke ɓangaren gudanarwa, dole in ce kalmar "shugabanni" ta yi faɗi a wannan muhawara. Shirin da gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar a 2002 don haɗa asibitocin Ingila a tsarin kwamfuta guda, an rushe shi a 2011, kuma an ƙiyasta kuɗinsa da kusan fam biliyan 10. An ƙulla manyan kwangiloli daga sama, aka miƙa wa asibitoci abin da ba su zaɓa ba. Shugaban asibiti a irin wannan hali ba shi da ikon sauya kwangila ko ɗage rana. Kuma abin da ma'aikata ke nema da gaskiya, wato a rage yawan majinyatan da ake gani a makonnin farko, a ware wasu daga cikinsu su zama masu taimaka wa abokan aiki a kowane ɗaki dare da rana, duk yana da tsada, kuma shi ne abu na farko da ake yankewa idan kasafi ya ƙure.

Sista Rakiya: Hajiya, idan ba a da kuɗin rage aiki da na masu taimako, to ba a da kuɗin manhajar ke nan, kuma ya kamata a faɗa wa masu amincewa da kasafi haka tun farko. Abin da nake gani idan aka tsallake wannan mataki shi ne, ma'aikatan dare su koma rubutu a takarda su shigar da shi da asuba, ko mutum biyar su riƙa aiki da kalmar sirri ɗaya saboda shiga tsarin yana cin lokaci. Daga nan lokacin da aka rubuta cewa an ba da magani ya daina zama lokacin da aka ba da shi, kuma likitan safe zai yanke hukunci a kan bayanin da ba daidai ba. Irin waɗannan dabarun ba a magance su da takardar gargaɗi. Su ne suke nuna wa shugaba ainihin inda tsarin ya saɓa wa aikin.

Injiniya Nura: Zan gyara maganata kaɗan saboda hujjar Dakta. Akwai manhajar da ƙirarta ba ta da kyau, kuma horo ba zai gyara ta ba. Amma zaɓen ta, da gwada ta a ɗaki ɗaya kafin a faɗaɗa, da dakatar da ita idan ta nuna haɗari, duk aikin shugabanci ne. A wurina Cedars-Sinai ma misali ne na abin da ke faruwa idan ba a saurari yawancin likitoci ba sai bayan an kunna.

Dakta Habibu: Idan ka faɗaɗa shugabanci har ya haɗiye ƙira da saye da gwaji, Injiniya, to ra'ayinka ya zama wanda babu abin da zai iya ƙaryata shi, kuma kamfanoni sun fita daga zargi ke nan. Ni ina so a rubuta a kwangila cewa za a auna mintunan da rubuta umarnin gaggawa ke ci kafin sauyi da bayansa, kuma idan suka ƙaru, kamfanin ne zai gyara da kuɗinsa.

Hajiya Binta: Wannan sharaɗi zan iya kai shi gaban hukumar gudanarwa, Dakta, amma ina buƙatar sanin wanda zai yi awon, domin idan kamfanin ne zai auna kansa, ba mu yi komai ba. Sista Rakiya, shin za a iya ware ma'aikaciyar jinya ɗaya a kowane ɗaki ta riƙe agogo na mako biyu kafin a sa hannu a kan komai?