Tsohon injin cika harsashi na Herter's: a ina ake samun kayan gyaransa?

Baƙon Minnesota:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu cika harsashin farauta da hannu a nan Amurka. Akwai tsofaffin kaya da aka saya a gwanjon kayan gado: injin matsa na Herter's Model 3, dayis (ƙarfen da ake ɗaurawa a saman injin don gyara siffar kwanson harsashi) na kamfanin RCBS da fil ɗin fitar da firaima (ɗan ƙoƙon gindin harsashi da ke kunna albarushi) ya karye, sikelin RCBS 5-0-5 babu farantinsa, da ma'aunin albarushi Lyman 55 wanda robarsa ta yi rawaya ta tsattsage. Mariƙin kwanso, wato ƙarfen da ke riƙe gindin kwanson harsashi, guda ɗaya tak ya zo da injin, na kanti kuma sun ƙi shiga. Akwai wasu ƙananan dayis na Lyman da suke zurmawa cikin ramin saman injin. Wanne ake samu, wanne za a haƙura da shi?

Maƙerin Ohio:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko dala ɗaya, nemi abin awon kauri da ma'aunin haƙoran zare. Yawancin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan injuna daga cusa abin da ba nasu ba take.

Ramin saman Model 3 zarensa 7/8-14 ne, wato kaurin kashi 7 cikin 8 na inci, haƙori 14 a kowane inci. Shi ne dai na dayis ɗin zamani, don haka ta nan ba ka da matsala. Ƙananan na Lyman ɗin na ƙananan na'urorin cika harsashi na Lyman ne, 310 da Tru-Line Junior, kaurinsu wajen inci 0.61, haƙori 30. Akwai bushin, wato zoben ƙarfe mai zare, da ake ɗaura musu su zauna a ramin 7/8-14, sai dai yawancinsu wuyan kwanso kawai suke matsewa, ba jikin duka ba.

Batun mariƙi shi ne ciwon kan duk mai Herter's. Kamfanin na garin Waseca ne, a jiharka, ya daɗe da rushewa, kuma ya yi mariƙansa da siffar kansa: ƙaramin sukuru ne yake danne su a kan sandar turawa (wadda ke ɗaga kwanso zuwa cikin dayis), ba sifirin (spring) ba. Lambobinsu ma ba su dace da na RCBS ko Lyman ba, lamba 2 a nan ba ita ce lamba 2 a can ba. Kada ka wahala da bin su ɗai-ɗai a eBay. Sayi mahaɗi guda wanda yake zama a mazaunin Herter's, samansa kuma ya karɓi mariƙin zamani. Tambayi kamfanin CH4D, irin aikinsu ne. Abu biyu za su biyo baya. Mahaɗin yana ƙara tsawo, dole ka kwance zoben kowane dayis ka sake saitinsa. Sannan hannun dasa firaima na injin ba lallai ya kai ba. Ni dai shawarata a bar shi ya huta, a yi amfani da na hannu, ya fi ba mutum jin lokacin da firaima ta zauna.

Duba zurfin mariƙin ma: daga fuskarsa ta sama zuwa inda gindin kwanso yake zama, inci 0.125 ne ƙa'ida. Tsohon da aka goge samansa da zarto yana sa dayis ya tura kafaɗar kwanso baya fiye da kima, daga nan kwanso ya riƙa miƙewa, wata rana ya rabe ta gindi.

Sukurori kuwa duk na inci ne. Na milimita M5 yana kama da na inci 10-32, M6 yana kama da 1/4-28, za su shiga zagaye biyu ko uku sannan su cije, in ka matsa ka cinye zaren. A kamfanin sayar da kayan ƙarfe McMaster-Carr ko shagon noti mai kyau ake samun na ainihi, har da sifirin da ƙananan makullan fil.

Hajiya Mai Sikeli:
Ɗan'uwa, na RCBS shi ne mai sauƙi. Kamfanin yana nan a Oroville ta Kalifoniya tun 1943, yanzu a hannun kamfanin albarushi na Hodgdon yake tun 2024. Dubi saman dayis ɗin, za ka ga lamba biyu da aka buga, shekarar ƙira ce. Faɗa musu ita da girman harsashin, domin fil ɗinsu iri-iri ne, akwai mai kai, akwai marar kai, akwai babba da ƙarami. Sayi fakiti, ba ɗaya ba. Kuma ka gano abin da ya karya na farkon: ko kwanso mai firaimar Berdan, wanda ramukansa biyu ne a gefe maimakon ɗaya a tsakiya, ko tsakuwa a ciki, ko sandar ta karkace. Fil ya leƙo ƙasan dayis da kashi 3 cikin 16 na inci kawai. In ya wuce haka, ƙwallon buɗe wuya zai daki cikin gindin kwanso, sandar ta lanƙwashe.

Sikelin ne ya fi damuna. Kamfanin sikeli na Ohaus ne suka ƙera wa RCBS 5-0-5, kuma kowane faranti da maratayinsa aka daidaita su tare. A cikin ƙoƙon maratayin akwai 'yan ƙananan ƙwallaye na daidaita nauyi. In ka samo faranti daga wani sikelin, ajiye shi a wuri shimfiɗaɗɗe, mai da dukkan duwatsun awo uku da ke zamewa a kan sandar sikelin sifiri, buɗe ƙoƙon, ka ƙara ko ka rage ƙwallayen har allura ta tsaya a tsakiya ba tare da ka murɗa ƙafar gaba ta ƙure ba. Zuwa sifiri ba ya nufin sikeli na gaskiya ne. Sai an gwada shi da duwatsun gwaji a giren 5, 20, 50 da 100, kowanne sau uku. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, sikelin kuma yana karanta kashi ɗaya cikin goma na giren, ka ga ƙura kaɗan ma ta isa. Goge mazaunin dutsen da bakin wuƙar (ƙarfe mai kaifi da sandar sikelin ke lilo a kansa) yake hawa da auduga da sifirit, kada mai ya taɓa wurin. In bakin wuƙar ya dakushe ko ya yi tsatsa, amsar za ta riƙa canzawa. Irin wannan ado ne na kanta, ba na awon albarushi ba.

Maƙerin Ohio:
Hajiya ta gama magana kan sikeli. Na manta da sandar turawa. Ɗaga ta har sama, ka girgiza ta gefe da gefe. Tokar tsohuwar firaima da take zuba a kanta kamar yashi take, ita ke cinye ta. In tsatsa ce kawai, jiƙa da kananzir kwana guda, a goge da sosan ƙarfe mai lamba 0000, a shafa mai siriri. Ban da sanfefa. In tana rawa sosai, mai injin sassaƙar ƙarfe zai faɗaɗa ramin ya sa bushin na tagulla, amma kuɗin aikin kan wuce na wani tsohon injin mai lafiya. Fil ɗin gaɓoɓin hannu kuwa ana yanko su daga sandar ƙarfe mai kauri ɗaya. Jikin injin zubin ƙarfe ne, in ka ga tsaga kusa da ramin dayis ko gindin hannu, walda ba ta mai da shi daidai. Cire kayan jikinsa ka sayar.

Dattijo:
Robar Lyman 55 albarushin da aka bari ya kwana a ciki ne ya cinye ta, musamman mai sinadarin naitirogilisarin. Ana samun sabuwa, har da ta gilashi, amma auna bakin taka tukuna ka duba yadda take kamawa, don tsofaffi da sababbi ba duka suke ɗaya ba. Kwance zamiyoyin nan uku masu saita yawan albarushi na cikin gangar ma'aunin ka wanke, ka bar su a bushe, mai yana sa albarushi ya dunƙule. Ma'auni mai robar kuma ba na baƙin albarushi ba ne, wannan akwai nasa mai mazubin alminiyon.

Takardun umarni na da, Cornell Publications suna sake buga tsofaffin kataloji, zanen sassan yana taimakawa wajen sanin sunan abin da ya ɓace. A kasuwar baje kolin bindigogi kuma a leƙa kwalayen tarkace na ƙarƙashin tebur, a tafi da mariƙin da abin awo a aljihu.

Yaro, kada wani ya ce ka sako masa ko fil ɗaya a kaya zuwa gida. Dokar makamai ta Najeriya ta hana mutum haɗa harsashi da kansa.

Baƙon Minnesota:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu tsaga a jikin injin, sandar ma rawarta kaɗan ce. Hajiya, bakin wuƙar sikelin yana da ɗigon tsatsa a gefe ɗaya, zan sa hotonsa in duwatsun gwajin sun iso.