Shin ha'inci ne a bar makunnin LP yana sarrafa sanyin ɗaki?

Mai ɗakin sanyi: Assalamu alaikum. Ina so 'yan wannan zaure su yi mini alƙalanci. Ina da ɗakin sanyi da nake ajiye yogot da lemo a ciki. Tamostat ɗinsa, wato na'urar da ke auna sanyi tana tayar da injin tana kashe shi, ya mutu, na kira mai gyara, shi kuma maimakon ya sayo sabo sai ya cire wayoyinsa, ya murɗa wasu sukurori biyu a jikin makunnin LP, wato makunnin da ke kashe injin idan matsin gas ya yi ƙasa, ya ce daga yau shi ne zai riƙa tayar da kwampreso, wato injin da ke matsa gas, yana kashe shi. Ya karɓi kuɗin aikinsa cif. Yanzu injin yana tashi yana mutuwa babu ƙaƙƙautawa, kayana kuma ba sa yin sanyi yadda na saba. A ganina wannan ha'inci ne, domin an yi makunnin nan ne don ya kare kwampreso idan gas ya zube.

Dattijon masu gyara: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kalmar ha'inci ta yi nauyi, kuma da ka tambaya kafin ka furta ta da ya fi. Wannan tsohuwar hanya ce da masu sana'a suka daɗe suna bi. Kowane gas yana da matsin da ya dace da kowane mataki na sanyi, saboda haka idan injin ya tsaya, kwayil ɗin cikin ɗaki, wato naɗaɗɗen bututun da ke ba da sanyi, ya fara ɗumama, matsin bututun da ke komawa kwampreso yakan hau tare da shi. A gas ɗin R134a, matsin kusan psi 34 (psi ma'aunin matsi ne) daidai yake da digiri 4 na Celsius, kusan psi 14 kuma daidai yake da digiri 10 ƙasa da sifiri. Idan aka saita makunnin ya tashi a 34, aka ba shi tazarar 20 tsakanin tashi da mutuwa, zai mutu a 14. Amfanin haka shi ne injin ba zai sake tashi ba sai ƙanƙarar da ke kan kwayil ta narke. Ina ha'incin yake a nan?

Malamin kwalejin fasaha: Baba, bayaninka daidai ne, amma akwai sharaɗin da ba ka ambata ba. Wannan dabara tana aiki ne idan injin yana da bawul ɗin da ke rufe hanyar gas lokacin da kwampreso ya tsaya. Idan kuwa siririn bututun kafilari ne, da zarar injin ya mutu matsin ɓangarorin biyu yakan daidaita cikin ɗan lokaci, makunnin ya ga matsi ya hau, ya tayar da injin tun ɗakin bai ɗumama ba. Alhaji, wanne ne a jikin naka?

Mai sayar da kayan gyara: Ni dai ina tare da Alhaji a kan kalmar. Ha'inci a ciniki shi ne a ba ka amana ka yi wani abu daban ba tare da ka faɗa ba. An kira shi ya sauya tamostat, bai sauya ba, ya karɓi kuɗi. Ko makunnin Danfoss KP1 ne na asali, ba shi aka kira shi ya taɓa ba.

Dattijon masu gyara: Ai Alhaji da bakinsa ya ce an gaya masa abin da aka yi. Wanda ya faɗa maka gaskiyar aikinsa bai ha'ince ka ba. Kai kuma kowa ya san cinikin tamostat ɗin da ya wuce ka ne yake maka ciwo.

Mai sayar da kayan gyara: Baba, ina ganin girmanka, amma wannan ƙazafi ne, kuma ina neman ka janye shi. Da ciniki nake nema da na yi shiru, domin kwampreson da ke tashi yana mutuwa haka ba ya daɗewa, kuma ya fi tamostat tsada nesa ba kusa ba.

Yaron shago: Ranku ya daɗe, ni a wurin ogana na koyi cewa wannan sakaci ake kiransa, ba ha'inci ba, domin ha'inci sai da niyya. Wataƙila mutumin bai duba ko gas ya ragu ba kafin ya saita. Injin da gas ɗinsa ya yi ƙasa yakan ja matsi ya faɗi da sauri, makunnin ya yanke, ko da ɗakin yana da zafi.

Malamin kwalejin fasaha: Yaron nan ya yi magana mai ma'ana. Haka ma idan bawul ɗin cikin kwampreso sun cinye suna mayar da gas baya, ko tazarar ta yi kaɗan. Abin da muke koyarwa shi ne a bar tamostat ya riƙa rufe solinoid, wato bawul mai aiki da lantarki da ke kan bututun ruwan gas, kwampreso ya zuƙe abin da ya rage a kwayil, sannan makunnin LP ya kashe shi. Matsalar ita ce yawancin masu gyaran bakin titi ba sa riƙe jadawalin matsi da sanyi. Mutum zai saita injin mai gas ɗin R22 da lambobin R134a, alhali R22 a digiri sifiri yana kusan psi 57, shi kuwa R134a yana kusan 28.

Wani mai gyara daga Zariya: Malam, su waye 'yan bakin titi? Ɗalibanku nawa ne suka zo shagunanmu da takarda a hannu ba su iya ɗaura gejin auna matsin gas ba? Ku janye wannan kalma tukuna kafin a ci gaba.

Malamin kwalejin fasaha: Ban raina kowa ba, yallaɓai. Amma tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare sararin samaniya, ta sa aka daina gas ɗin R12, ake kuma janye R22 a hankali, gas iri-iri sun cika kasuwa, wanda bai karanta ba zai riƙa saiti da ka.

Wani mai gyara daga Zariya: To a bar Montreal a inda take. Mu da muka yi aiki da R12 da hannunmu ba ma bukatar a karanto mana tarihinsa.

Mai ɗakin sanyi: Jama'a, har yanzu babu wanda ya gaya mini abin da zan yi da injin. Malam, ban san kafilari ba, ban san bawul ba. Yogot ne yake neman lalacewa.

Shugaban zaure: Abin da muka fahimta daga wannan muhawara shi ne mafi yawan masana sun yarda cewa sarrafa sanyi da makunnin LP halastacciyar hanya ce, kamar yadda Baba, wanda a hannunsa da yawanmu muka koyi aiki, ya bayyana da lambobi. Don haka zargin ha'inci bai tabbata ba, ya kamata Alhaji ya janye shi. Maganar bakin titi ma ba ta dace ba, kuma daga yau masu sayar da kaya su daina tsoma baki a abin da ya shafi fasaha. Batun kafilari ƙaramin abu ne da za a iya dubawa daga baya. Alhaji, ka sake kiran mutumin da ya yi maka aikin ya ƙara tazarar makunnin. An rufe wannan magana.