Wai basilin dattin fetur ne?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Jama'a yau raina a ɓace yake. Tun shigowar hunturu nike shafa ma Ummi basilin safe da dare, irin na awo da na sawo a kasuwa, mai launin ɗorawa da ƙamshi. Yau kwana huɗu kumatunta sun yi ja, ƙuraje sun feso har wuya. Uwar mijina ta zo ta gani ta ce ni na jawo, wai su da man kaɗe sunka raini ɗiyansu. Ni kam na gama da basilin. Ashe dattin fetur muke shafa ma jarirai.

Anti Balki: Subhanallahi, Allah shi ba ta lafiya. Amma ƙanwata, datti ya yi nauyi. Ɗiyana shida, dukkansu da basilin na fid da su hunturu.

Hajiya Inno: Bai yi nauyi ba ko kaɗan. Abin da ya fito rijiya guda da kananzir da kwalta, mi sunanshi?

Abu Mai Kanti: Hajiya, a dinga tauna magana. Mu da muke saida shi, datti muke saida ma mutane ke nan?

Malam Sani: Bari in sa baki, tunda kimiyya nike koyarwa. Gaskiya ne daga ɗanyen mai ake samun shi. A 1859 wani Robert Chesebrough ya je rijiyoyin mai na Titusville a Amurka, ya tarar da ma'aikata suna kankare wani maiƙo mai kama da kakin zuma daga sandunan famfo, suna shafawa a yanka da ƙuna. Ya kwashe shekaru yana tace shi har ya fito fari, a 1872 ya yi mashi rajista. Shi ne Vaseline, wanda bakinmu ya maida basilin.

Hajiya Inno: Kun ji da bakin Malam. Kankare shi anka yi. Abin da ake kankarewa a zubar, datti ne.

Malam Sani: Hajiya, tunkuza ma abin da ya saura ne bayan an matse man gyaɗa, kuma da ita ake ƙuli-ƙuli. Saura daban, datti daban.

Hajiya Inno: Tunkuza ci ake yi. Ka ci basilin mu gani.

Abu Mai Kanti: To man kaɗen da ake zubawa a tsohon gwangwanin madara, ana dangwala mashi yatsa ana shinshinawa, shi ne mai tsabta? Wari kawai, sai a ƙauye.

Yaya Asabe: Abu ka tsaya nan. Su wa ke ƙauyen? Uwata har ta rasu man kaɗe da man shanu take shafawa, ba ta taɓa yin faso ba. Ku da kuka zo birni jiya.

Abu Mai Kanti: Yaya ban ambaci kowa ba. Kuma a Mabera aka haife ni.

Yaya Asabe: Mabera yaushe ta zama cikin gari?

Sista Hadiza: Don Allah a saurare ni, ni aikin jinya nike. Basilin ba shi ƙara ma fata ruwa. Rufe ta yake, ya hana damshin da ke jiki fita, shi ya sa yake aiki a hunturu lokacin da iska ke tsotse mutum. Lokacin shafa shi da an fito wanka, jiki da sauran lema. Farin da aka tace sosai da wuya ya tada ƙuraje, har a asibiti ana amfani da shi a kan rauni. Matsala tana ga wanda ba a gama tacewa ba, don ɗanyen mai na da sinadarai masu cutarwa, shi ya sa ƙasashen Turai ba su yarda a sa shi a kayan shafa sai an san yadda aka tace shi. Na awo ba shi da suna, ba lambar NAFDAC, an zuba mashi turare da launi, kuma turare na cikin abubuwan da suka fi tada fatar jarirai. Maman Ummi ki dakatar da shi ki kai ta a duba. Sauran kuma, a daina cusa shi cikin hanci kullum, yana iya gangarawa huhu. Ƙuna sabuwa ruwan sanyi ake sa mata kamar minti 20, ba basilin ba.

Hajiya Inno: Alhamdu lillahi. Sinadarai masu cutarwa. Likita ta faɗa.

Sista Hadiza: Hajiya, ba haka na ce ba, ki karanta duka.

Baban Walid: Ni abin da ya dame ni daban ne. Sista ta ce rufe fata yake. To ina alwala? Mutum ya lafta shi ga ƙafa da asuba, ruwa na zamewa, ya je ya yi salla.

Anti Balki: Abin da muka koya a Islamiyya, in ya yi kauri har ya hana ruwa taɓa fata sai a goge, in maiƙo ne kawai ya saura ba komi. Man kaɗe ma ai maiƙo ne.

Baban Walid: Wane malami ya ce?

Anti Balki: Kai wane malami ya ce maka a'a? Shekara nawa kana zolayar matarka a kan kaushi, yanzu ka zama mai fatawa.

Baban Walid: Anti ki bar iyalina a gefe.

Abu Mai Kanti: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar datti ba.

Yaya Asabe: Kai ka janye ƙauye tukuna.

Hajiya Kulu, shugabar zaure: Ya isa haka nan. Abin da na fahimta: Malam ya tabbatar daga rijiyar mai abin nan ya fito, Sista ta tabbatar akwai cuta a ciki har da ta huhu, kuma akwai shakka kan alwala. Man kaɗe kuwa ba wanda ya kawo mashi aibi sai wari, shi ma in an samu mai kyau irin wanda ƙanwata ke kawowa ba shi da wannan warin, mai so ya yi mani magana. Abu ka ba Yaya Asabe haƙuri, girmanta ne. An rufe maganar.

Sista Hadiza: Hajiya, da girmanki, farin basilin mai lamba na ce ba shi da laifi. Maman Ummi, in kina nan, jikinta da zafi? Tana kama nono?

Maman Ummi: Ba zafi Sista, tana sha. Sai dai tana ta murza fuska ga kafaɗata. Gobe da safe in babanta ya dawo za mu kai ta, in sha Allahu. In tafi da robar basilin ɗin su gani?

Sista Hadiza: Ki tafi da ita. Daren nan ki wanke mata fuska da ruwa zalla, kada ki sa sabulu mai ƙamshi, kada ki shafa komi.