Haɗa kwamfuta biyu da waya ɗaya don kwashe fayiloli

MaiHotoZango:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tsohuwar kwamfutata ta tebur mai Windows 10 tana ɗauke da bidiyo da hotunan biki da suna wajen giga 300, ina so in mai da su cikin sabuwa ta hannu mai Windows 11. Kile ɗina giga 16 ne, kun ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Na soka wayar rezo tsakaninsu, fitilar bakin ramin ta kama, amma ko ɗaya ba ta ganin ƴar'uwarta. Wani a Kasuwar Dole ya ce sai na sayi waya mai juyayyen kai. Haka ne?

GyaraSabonGari:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ɓata kuɗinka. Juyayyar waya maganar tsofaffin na'urori ce masu gudun megabit 100 ko ƙasa da haka. Katin gigabit yana gane irin wayar da kansa ya daidaita, kuma ko ɗaya daga cikin biyun ne ke iya hakan ya wadatar. Tunda fitila ta kama, wayar ta haɗu. Cat5e ko Cat6 duk suna yi, muddin ba ta wuce mita 100 ba.

Abin da ya rage adireshi ne. Babu ruta, wato akwatin wifi, da za ta raba musu lambar adireshi, sai kowacce ta ba kanta wata mai farawa da 169.254. Wani lokaci hakan na aiki, amma gara ka sa da hannunka. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, shiga Propriétés, ka buɗe Protocole Internet version 4. A tsohuwar sa 192.168.50.1, a sabuwar 192.168.50.2, masque na duka biyun 255.255.255.0. Passerelle da DNS ka bar su fayau. Da gangan na zaɓi 50: akwatunan wifi da yawa suna amfani da 192.168.1 ko 192.168.0, in lambobin suka yi karo sai intanet ɗinka ya rikice.

Sannan a sabuwar buɗe cmd, tagar rubuta umarni (maɓallin Windows da R, rubuta cmd), ka rubuta ping 192.168.50.1 don gwada ko tsohuwar za ta amsa. In ka ga "Réponse de" da lokacin amsa, hanya ta buɗe.

Hajiya_Rezo:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ping ɗin zai iya ƙin amsawa alhali waya lafiya lau take, kuma a nan mutane suka fi karaya. Da Windows ya ga rezo marar passerelle, wato marar ƙofar fita zuwa intanet, sai ya kira shi "Réseau non identifié", ya ɗauke shi tamkar wifi na tasha, pare-feu, wato mai gadin rezo na Windows, ya toshe komai har da ping. Buɗe PowerShell, wata tagar umarni ta Windows, a matsayin administrateur a kan kowacce ka rubuta:

Set-NetConnectionProfile -InterfaceAlias "Ethernet" -NetworkCategory Private

Daga nan shiga Paramètres de partage avancés ka kunna gano rezo da raba fayiloli. Ban yarda da masu cewa a kashe pare-feu ɗungurungum ba, musamman ga ta hannu da ake yawo da ita gari-gari. Mantuwa ake yi a bar shi a kashe.

Raba dosiye kuwa ƙofa biyu gare shi. A tsohuwar, danna dama a kan dosiyen, Propriétés, Partage, Partage avancé, ka ba da izinin karantawa. Sai ka leƙa shafin Sécurité ka tabbata sunan wanda zai shiga yana ciki. In ɗaya ta buɗe ɗaya na kulle, "Accès refusé" za ka gani.

Saura kalmar sirri. Windows ba ya barin asusun da ba shi da ita ya shigo ta rezo, kuma lambar PIN da kake buɗe na'ura da ita ba ta aiki a nan. Mafi sauƙi, ƙirƙiri asusu na gida a tsohuwar, ka sa masa kalmar sirri, ka ba shi izini a ƙofofin nan biyu. A sabuwar kada ka zauna jiran sunan kwamfuta ya fito cikin Réseau, yakan daɗe ko ya ƙi sam. Rubuta \\192.168.50.1 kai tsaye a layin adireshi na Explorateur.

MaiHotoZango:
Allah Ya saka da alheri, Hajiya, ya buɗe. Amma yana tafiya mega 11 a daƙiƙa, ya ce saura awa bakwai da wani abu.

GyaraSabonGari:
To a megabit 100 kake, ba gigabit ba (mega ɗaya da kake gani megabit takwas ce). Danna Ethernet sau biyu cikin ncpa.cpl ka duba Vitesse. A gigabit ana samun wajen mega 110 a daƙiƙa, giga 300 ɗinka su wuce cikin abin da bai kai awa ɗaya ba in manyan bidiyo ne. Ƙananan hotuna dubbai sun fi jan lokaci, balle a tsohon diski mai juyawa.

Dalilin faɗuwar gudu sau da yawa waya ce. Megabit 100 silla huɗu kawai yake buƙata, ta 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. Silla ɗaya cikin sauran huɗun ta kuɓuce wajen matse kai, fitila za ta kama amma gudu ya sauka. Ɗaga kan wayar ka haska da tocila: ya kamata ka ga jan ƙarfe takwas sun taɓo ƙarshen robar. Akwai ma wayoyi masu araha da silla huɗu kaɗai ke ciki. Ka kuma hura ramin, ƙurar hunturun Damagaram tana kwanciya a kan ƴan haƙoran nan. In sake matsewa za ka yi, ka riƙe kan da maƙallinsa a ƙasa, daga hagu: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a kawunan biyu. In kuma ta hannun ba ta da rami, adafta ta USB ka sa, duba jikinta, da yawa megabit 100 ne iyakarsu.

Hajiya_Rezo:
Ko gudun ya gyaru, kada ka kwashe da jan linzami. Wuta ta ɗauke a tsakiya, ba ka san inda aka tsaya ba. Bayan ka shiga dosiyen da kalmar sirri, a sabuwar buɗe cmd na yau da kullum, ba na administrateur ba, don shi ba ya ganin shigar da ka riga ka yi, ka rubuta wannan layin na kwashe fayiloli:

robocopy \\192.168.50.1\Hotuna D:\Hotuna /E /R:2 /W:5

Canza sunan dosiye da harafin diski su dace da naka. /R:2 ɗin nan, wato a sake gwadawa sau biyu kawai, wajibi ne, don in babu shi fayil ɗaya lalatacce zai sa ya yi ta gwadawa har sau miliyan. In aiki ya katse, sake buga layin, zai tsallake waɗanda suka riga suka wuce. Kashe mise en veille a duka biyun, ta teburin kuma a ɗora ta kan ondulla in akwai. Kafin ka goge komai a tsohuwar, gwada yawan fayiloli a Propriétés na ɓangarorin biyu, ka buɗe bidiyo biyu-uku ka ja su har ƙarshe. In an gama, mai da adireshin Ethernet kan automatique, in ba haka ba ranar da ka soka ta a ruta ba za ta sami intanet ba.