20-10-10 ko 15-15-15: wanne zan sa wa masara?

Manomin Pitowa:
Assalamu alaikum. Ina da gona kar biyu, wato rabin hekta, da zan shuka masara bana. A kasuwa na tarar da taki iri uku: 20-10-10, da 15-15-15 da ake shigowa da shi daga Najeriya, sai yuriya mai lamba 46. Mai shago ya ce wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi ƙarfi. Don Allah masana, me lambobin nan ke nufi, kuma nawa zan zuba?

Malamin gona, Garwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai shago rabin gaskiya ce. Lambobin kaso ne cikin ɗari na nauyin takin, kuma jerinsu ba ya sauyawa: na farko azot (N), na biyu fosfor (P), na uku potas (K). Buhu kilo 50 ne, don haka ka raba kowace lamba biyu, kilon da ke ciki ke nan. Buhun 20-10-10 na da azot kilo 10, fosfor 5, potas 5. Na 15-15-15 kilo 7 da rabi kowanne. Yuriya kuwa 46-0-0 ce, azot zalla kilo 23, ba ta da ko ƙwayar sauran biyun.

Azot ganye yake yi da tsawon kara. Fosfor na saiwa ne, tun tsiro yana ƙarami ake bukatarsa. Potas shi ke ƙarfafa kara ya cika ƙwaya. Masara mai cin azot ce, amma idan fosfor ya yi ƙasa ko ka juye mata yuriya ba za ta amsa yadda kake so ba.

Ga lissafi a kar ɗaya, wato mita 50 sau 50. In ka sa buhu ɗaya na 15-15-15 da rabin buhun yuriya, ka ba ta azot kilo 19, fosfor da potas 7 da rabi kowanne. In 20-10-10 ka sa da rabin buhun yuriya, azot ya kai 21 da rabi, amma fosfor da potas 5 kawai. A jigawar da aka daɗe ana nomawa ba hutu, ni 15-15-15 zan zaɓa, domin giɓin azot yuriya na cike shi cikin sauƙi, na fosfor kuwa in ya wuce farkon damina ya wuce.

Lokaci: NPK, wato 15-15-15 ko 20-10-10, kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, yuriya a mako na huɗu zuwa na biyar. In tazararka santimita 80 tsakanin layi da 40 tsakanin rami, kar zai ɗauki rami wajen 7,800. Kowane rami giram 6 na NPK ke nan, kusan cikin marfin gorar ruwa, yuriya kuma rabin haka.

Baban Ngong:
Malam ya gama lissafi, bari in ƙara wurin da kuɗi ke zubewa. Yuriya in aka watsa ta a saman ƙasa rana na dukanta, azot ɗin iska yake bi. A yi rami da tsinken itace, nisan faɗin tafin hannu daga gindi, a zuba a rufe, kuma ƙasa na da danshi. Ta taɓa kara ko ta faɗa cikin ƙoƙon ganye, ƙonewa zai yi. Kada a haɗa ta da toka ko farar ƙasa, nan ma azot gudu yake. In hadari mai nauyi ya haɗu, a dakata sai ya sauka.

Ganyen ma yana magana. Na ƙasa ya yi rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, azot ne babu. Ƙaramin tsiro ya yi ja-ja shunayya kuma ya ƙi tashi, fosfor. Gefen tsohon ganye ya bushe kamar wuta ta lasa, potas.

Wajen saye, jefa cokali biyu na yuriya a kofin ruwa ka motsa. Ta gari narkewa take tas, kofin ya yi sanyi a hannu. In ka ga yashi ya kwanta, bar buhun.

Mai albasa, Marwa:
Alhaji, kada wani ya ɗauki wannan awon ya kai wa kowane amfanin gona. Gyaɗa da wake suna samo azot da kansu ta ƙulutun saiwarsu, yuriya mai yawa harawa kawai za ta ba ka, fosfor suka fi so. Albasa kuma da zarar ta fara yin kai a tsayar da yuriya, in ba haka ba wuyanta zai yi kauri, ba ya bushewa, ta ruɓe a ajiya. Takin auduga na Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, mai lamba 22-10-15, yana da ƙarin S da B a bayan lambobin, wato sulfa da boron, don auduga aka haɗa shi haka.

Manomin Pitowa:
Allah ya saka da alheri. Ke nan kar biyu buhu biyu na 15-15-15 da buhun yuriya ɗaya. Ina da takin shanu kamar amalanke shida, in rage na zamani ne?

Malamin gona, Garwa:
Kada ka rage, Malam. Amalanke shida a kar biyu bai kai ya maye gurbin buhu ba, amma zai riƙe danshi ya hana ruwa wanke na zamanin. Ka baza shi kafin huɗa, wanda ya riga ya ruɓe, ka fara da inda ƙuduji ya fi fitowa bara.